Ranar da Muka Yi Zaman Makoki a Garnaɗa

Godiya ga Allah da ya fitar da mu daga Dutse, ya kai mu ƙasar da ba mu da kowa sai 'ya guda, ya kuma dawo da mu ɗakinmu lafiya. Tun da muka sauka ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a Islamiyya a tare ni, har mai adaidaitar da ke kai ni kasuwa ya waiwayo yana cikin tuƙi ya ce, "Hajiya, wai da gaske a can kare ma riga yake sawa?" Na ce da gaske ne, amma ya dubi gabansa kada ya zubar da ni. Maƙwabciyata Hajiya Talatu kuwa ta ji labarin nan har ta fara gyara mini shi. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wanda bai san ni ba, ni ce Ladi 'yar Miga, wadda ake kira Hajiya Ungozoma, don karɓar haihuwa na yi a asibiti har na yi ritaya. Aikin nan ya bar mini hali guda: ba na son makara. Naƙuda ba ta jiran kowa, ni ma haka na zama. Maigidana kuwa, Malam, mutumin Taura ne, kuma Allah ya haɗa ni da akasin halina. In zai je masallacin bakin layinmu sai ya gaisa da kowa, saura kaɗan ya tambayi akuyar mutane ya gida. Tarihi ya koyar a sakandare tun yana saurayi har furfura, kuma duk wanda ya zauna ajinsa ya san inda zuciyarsa take: Andalus, wato ƙasar da yanzu ake kira Sifaniya, inda Musulmi suka yi mulki ɗaruruwan shekaru suka bar gine-gine. A cikin gine-ginen ma akwai wanda ya fi so, fadar Alhamra da ke birnin Garnaɗa. Ko maganar farashin gero ake yi, in ba a yi hankali ba sai Malam ya kai ta Alhamra. Bai taɓa zuwa ba, bai ma taɓa sa ran zuwa ba.

Bara idonsa ya fara ba shi matsala. Ya riƙa tuntuɓe da buta, yana miƙa wa mutum hannu a inda mutumin ba ya tsaye. Muka je wajen likitan ido a Kano, ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma a kan hanya yake. Malam ya ce shi yanzu yana ganin duniya ne kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Ni na yi aikin asibiti, na san abin da likita yake nufi in ya ajiye biro ya ce a dage da addu'a. Muna dawowa na shiga ɗaki na kira autarmu Safiya, wadda ita da mijinta suke karatu a can Sifaniya, a garin Kurɗuba. Na ce, "Safiya, in dai ubanki zai ga fadar nan da idonsa, to bana ne. Baɗi sai dai a ba shi labari." Nan take ta ce, "Umma, ku sabunta fasfo." Wannan shi ne dalilin tafiyar, ba kuɗi ne suka yi mana yawa ba kamar yadda wasu suke yaɗawa.

Wahalar biza ba zan tsawaita ta ba, don har yanzu in na tuna jinina hawa yake. Abu guda kawai zan faɗa: an ce hoton Malam bai yi ba sai ya cire hula. Mutumin da tun da ya auro ni ban ga ya tsaya gaban jama'a kai a buɗe ba. Ya cire, ya rungume ta a ƙirji kamar za a ƙwace, aka ɗauka. Duk wanda ya ga hoton sai ya ce wani ne daban.

Ranar tafiya gida ya cika da 'yan rakiya. Wata tsohuwa a dangin Malam ta taso tun daga Taura da ƙullin goro, wai in kai wa jikanta da yake Turai. Na ce, "Iya, wane gari?" Ta ce ita dai Turai aka ce mata, kuma ba zai ɓace mini ba, dogo ne baƙi mai wushirya. Na karɓa don kada ta ji ba daɗi. Jakata kuwa ni kaɗai na san abin da na ɗura mata: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, dabinon Dutse, da kilishi na musamman da na sa aka yi wa Safiya. Muka bi ta Gaya da Wudil muka shiga Kano, jirgi ya ɗauke mu ya sauke a Alkahira, wani ya kwashe mu zuwa Madrid.

A filin jirgin Madrid muka shiga layin masu duba fasfo. Wani matashin jami'i ya tambayi Malam da Turanci me ya kawo shi ƙasarsu. Na ga Malam ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya, na ce a raina shi ke nan, an buɗe aji. Ya faro tun daga ranar da Musulmi suka ƙetare teku. Layi yana ta tsawo a bayanmu, ni ina ta zungurinsa da gwiwar hannu. Jami'in nan ya saurara, ya yi murmushi, ya buga masa hatimi, ya ce shi ma kakarsa 'yar Garnaɗa ce, Malam ya gaishe masa da garin.

Ni ce ban sha da daɗi ba. Wani kare, da rigarsa kuwa, ya zo ya dasa hanci a jakata ya ƙi tashi. Na ce a janye shi kada ya sa mini najasa a kaya, ba wanda ya ji Hausa. Wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, ta sunsuni daddawa ta ja da baya, amma ta bar mini abata. Kilishin ne ta ɗaga ta girgiza kai, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na roƙa, na nuna mata da hannu na 'yata ne, ta dafa ƙirji ta ba ni haƙuri, ta jefa shi a kwando ina kallo. Wallahi da na sani da a jirgi na cinye shi. Muna fitowa Safiya ta rungume ni tana kuka, ni kuma ina ba ta labarin kilishi.

Madrid ba ta burge Malam ba, wai jiya jiya aka gina ta. Ni kuwa ta burge ni: titi tas kamar an lashe, jirgi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, ga tsofaffin mata sa'o'ina suna tafe da sauri su kaɗai, ba jika ko ɗaya a bayansu. Abin da ya fi damun Malam rashin gaisuwa. Ya shiga jirgin ƙasa ya yi sallama, ba wanda ya ɗago. Bai daddara ba. Ya sa Safiya ta koya masa barka da asuba da yarensu, ya riƙa raba ta ga kowa, ba safe ba yamma. Wasu su tsorata su ƙanƙame jaka, wasu su amsa da fara'a, musamman tsofaffi.

Wata rana muka wuce wani shago, an rataye cinyoyi jere tun daga ƙofa har ciki. Malam ya tsaya ya zuba musu ɗan ganin da ya rage masa, ya ce, "Hajiya, mutanen nan akwai yalwar raguna. Sai ka ce washegarin layya." Na ce, "Malam, taho mu tafi, alade ne." Ya yi a'uziyya ya kama hanya. Daga ranar abincinmu a waje bai wuce kifi da ƙwai da dankali ba, sai wani burodinsu mai tauri da ake shafa wa tumatir da man zaitun. Akwai kuma wata miyar tumatir da aka kawo mana da sanyinta, daga firji kai tsaye. Na ce a mayar a ɗumama, Safiya ta ce haka ake shan ta. Na kai cokali biyu don kada a ce na raina, na tura wa Malam sauran, shi kuwa ya shanye tas.

Daga nan muka yi yini a wani tsohon gari, Toledo, wanda yake a kan tudu kogi ya zagaye shi. Lungunansa sun tuna mini da Garu, tsohuwar unguwarmu ta Dutse, sai dai su da duwatsu masu santsi aka shimfiɗe su. Nan Malam ya yi tuntuɓe har ya kai gwiwa ƙasa. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ce, "Haba Hajiya, a bainar jama'a? Ga yarinya kuma." Na ce, "Wace jama'a? Ga tsoho da tsohuwa can a rungume da juna, wa ya kalle su? Ko ka ba ni hannu ko ka koma Dutse da karaya." Ya yi ta ƙunƙuni, daga baya muka daidaita a kan ya riƙe gefen mayafina. Haka muka ƙarasa garin, ni a gaba shi a baya, Safiya tana ƙunshe dariya.

A garin akwai wani ɗan tsohon masallaci na bulo, bai fi zauren dagaci girma ba, an ce ya haura shekara dubu. Malam ya daɗe a tsaye a jikinsa. Ya ce, "Mu da soro ya fara zubar da ƙasa sai mu ce a rushe a sa bulo da kwano. Su kuwa dubi abin da suka riƙe, kuma ba ma na addininsu ba ne." Na kawar da kai, don ni ce na fi kowa murna ranar da aka yi mana siminti a gida.

A Kurɗuba muka fi daɗewa. Mijin Safiya, yaron kirki ɗan Haɗeja, ya bar mana gidan ya koma wajen abokinsa, don gidan ƙarami ne kuma kunyar surukai ba ta san an zo Turai ba. Nan na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka. Maƙwabciyarsu ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan, saboda daddawa. Na zuba mata a ɗan kwano don ta ga ba mushe ba ne, washegari sai ga ta da kwanon a wanke tana neman ƙari. Wani abin mamaki kuma, da azahar gari mutuwa yake. Kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, sai bayan la'asar. Na ce ashe su ma sun san rana, mu ne dai in muka yi ake kiran mu malalata.

Babban masallacin Kurɗuba yanzu coci ne, kuma tun a gida Safiya ta ja mana kunne kada mu tayar da salla a ciki. Da na shiga sai da tsigar jikina ta tashi. Ginshiƙai ne iya ganinka kamar gonar dabino, a kan kowanne an lanƙwasa gini kamar bakan gizo mai ratsi-ratsi, wani a kan wani. Na jira Malam ya buɗe aji, na ji shiru. Wurin akwai duhu-duhu, ni ban lura ba. Sai da muka fito muka zauna a gindin wani lemo ya ce, "Hajiya, ku ne kuka ga masallaci. Ni ginshiƙi ɗaya na gani, in na matsa in ga wani." Safiya ta ce, "Baba, kada ka damu. Alhamra tsakar gida ce da ruwa da haske. Kuma tikitin shiga na hantsi na yanka mana, lokacin da idonka ya fi buɗewa."

Bari in yi bayanin tikitin nan, don a kansa komai ya rataya. Fadar ba a shigar ta haka kawai. Tun watanni kafin mu zo Safiya ta saya, da sunan kowa a jiki da lokacin shigarsa. In lokacinka ya wuce, ko kai wane ne ka rasa, kuma samun wani sai an jira makonni. Mu kuwa jirginmu na komawa gida jibin ranar ne. Tikitin nan a cikin lalitata na sa shi, tare da fasfo.

Da magariba bas ta sauke mu a Garnaɗa. Masaukinmu a tsohuwar unguwa yake, a kan tudun da yake fuskantar fadar, gidan wasu tsofaffi ne mata da miji da suke ba da hayar ɗakuna. Matar sunanta Karmen, siririya mai kaifin murya. Mijin Manuwel, gajere mai tumbi, yana tari yana dariya. Gidan sak namu na gargajiya: ƙofa ɗaya, ka shiga ka tarar da tsakar gida, ga bishiyar rumman a tsakiya, ɗakuna sun kewaye. Manuwel ya kawo wa Malam ruwa a ɗan tulun ƙasa, mai sanyi irin na randa. Suka zauna a benci, wannan yana Hausa wancan yana yarensa, suna ta ƙyaƙyata dariya, Allah kaɗai ya san me suka fahimta. Malam ya ba shi dabino, shi kuma ya ari hular Malam ya ɗora a kansa ya je ya nuna wa matarsa. Da yake in rana ta faɗi Malam ba ya ganin komai, ba mu leƙa ko'ina ba. Na goge masa babbar rigarsa ta Salla na rataye.

Bayan sallar asuba na ji wata murya daga ƙasa. Ba ihu ba ne, wani irin nishi ne da duk wanda ya yi aikin asibiti ya san shi. Na sauka da sauri na tarar da Karmen a bakin ɗakinsu da rigar barci, tana nuna ciki. Manuwel yana kwance kamar mai barci. Na taɓa wuyansa, har ya yi sanyi. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta, na miƙar da ƙafafunsa. Safiya ta buga waya aka ce likita zai zo. Ɗansu guda ne, yana wani gari mai nisa, ba zai iso ba sai bayan azahar. Sauran baƙin gidan, wasu matasa, suka sauko da jakunkunansu a goye, suka ɗan yi magana ƙasa-ƙasa, suka fice yawonsu.

Malam ya sauko cikin babbar riga, ya ji abin da ya faru, ya yi salati, ya ce a ba shi kujera. Ya zauna a tsakar gida daura da ƙofar ɗakin, ya ciro carbi. Na ba shi lokaci. Da na ga rana ta fara ɗagawa na sunkuya na ce, "Malam, mun yi ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Tashi mu kama hanya."

Ya ce, "Ina za mu?"

Na ce, "Ina za mu? Abin da ya taso mu tun daga Dutse."

Ya ce, "Hajiya, jiya mutumin nan ya ba ni ruwa da hannunsa, a gidansa na kwana. Ga gawarsa a ɗaki, matarsa ba kowa a kusa da ita, sai in tsallake in tafi kallon gini? In da a Taura wani ya yi haka, me za ki kira shi?"

Na ce, "Nan ba Taura ba ce. Ba ka ji waɗancan sun fita ba? Mu je mu dawo, makoki ba ya ƙarewa a yini guda."

Ya ce, "Su ba su sani ba ne. Ni na sani."

Safiya ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, a nan ba a yin irin wannan zaman a gida, ƙila ma ta ga mun takura mata. Kuma in lokacin nan ya wuce, wallahi ba zan iya samo wani ba."

Ya ce, "To ku je ke da mahaifiyarki ku gano mini."

Maganar nan ta ƙona mini rai. Ni me zan yi da gini? Na zauna a benci ina huci, na ce bari in ga iyakar taurin kan.

Muna nan zaune Karmen ta fito, ta gan mu jere, ta goge fuska da sauri ta shige kicin. Muka ji ƙarar kofuna. Can sai ga ta da faranti, da kofi da burodi, tana magana tana sunkuyar da kai. Safiya ta rufe baki da hannu ta ce, "Umma, haƙuri take ba mu. Ta ɗauka karin kumallo muke jira." Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ga matar da mijinta yake kwance a ɗaki, mun sa ta dafa mana kofi.

Malam ya ce, "Gaya mata a garinmu in an yi rasuwa ba a barin mai gida ita kaɗai. Zama ake yi. Ba ma son komai."

Safiya ta faɗa mata. Karmen ta tsaya da farantin tana kallon Malam. Sai ta ajiye shi a ƙasa, ta zo ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta fashe da kukan da tun asuba ba ta yi ba. Ba ta sake ni ba. To yanzu ko Malam ya ce a tashi, da wane hannun zan tashi? Ina jin ƙararrawar coci tana bugawa, na ga Safiya ta dubi waya ta dube ni ta sunkuyar da kai. Na san lokacin tikitinmu ya wuce.

Maƙwabta suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya shigo sai Malam ya miƙe ya ba shi hannu, sai ka ce shi ne ƙanin mamacin, su kuma suka karɓe shi a haka. Likita ya zo, masu ɗaukar gawa suka zo. Da ɗan ya iso uwarsa ta yi masa magana, ya zo ya rungume Malam ya daɗe bai sake shi ba.

Safiya ta yi ta neman wani tikitin a waya, babu. Na hau ɗaki, Malam ya biyo ni yana laluben bango. Nan na sauke masa kwandon da ke raina, ban rage komai ba. Na ce na bi layin biza, na bar gidana, na zama 'yar jagora a ƙasar mutane, duk don ya ga abu guda, ya zo bakin ƙofa ya zauna. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ke kina tsammanin ban so ba ne?" Muryarsa ta karye. Tun da nake da shi sau ɗaya na taɓa jin ta haka, ranar da aka binne mahaifiyarsa. Sai na bar faɗan na kama kuka.

Ashe Karmen ta ji. Tana shirin tafiya inda aka kai gawar ne ta tambayi Safiya, ta ɗauka mijinta nake yi wa kuka. Safiya ta gaya mata gaskiya, da idon da tikitin duka. Sai ga ta ta hawo cikin baƙaƙen kaya ta rufe Malam da faɗa, tana nuna shi da yatsa. Malam ya ce, "Me take cewa?" Safiya ta ce, "Baba, wai ba ka da hankali." Na ce a gaya mata na riga ta faɗa. Daga nan ta ciro wani ɗan makulli daga aljihu ta danƙa mini. Na saman soro ne, inda Manuwel yake kiwon tattabaru, kuma bai taɓa barin baƙo ya hau ba. Ta ce mu yi sauri kafin rana ta faɗi, mu kuma watsa wa tsuntsayen hatsi, tun safe ba su ci ba.

Matakalar ƙunci gare ta, da ƙyar babbar riga ta wuce. Na tura ƙofa muka fito, tattabaru suka tashi fuu. Na ɗaga kai, sai ga ta. Kwari ne kawai tsakaninmu da ita. Fadar gaba ɗayanta a kan tudu, da ganuwarta da hasumiyoyinta, rana ta yi ƙasa tana dukan ta sosai. Ni da ban damu da gini ba sai da na ce Allahu akbar.

Malam yana ta juya kai hagu da dama, yana cewa, "Ina take? Hajiya, ina take?" Na kama kansa da hannu biyu na juya shi a hankali har ya daidaita. Na ji numfashinsa ya canja.

Na ce, "Me kake gani?"

Ya ce, "Ba na ganin taga, ba na ganin ƙofa. Amma Hajiya, ja ce. Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane ja ce, hoton da ke littafin da nake koyarwa da shi kuwa baƙi da fari ne. Ni ma ji na yi. Ashe ban yi musu ƙarya ba."

Safiya ta juya baya tana watsa wa tattabaru hatsi, kafaɗunta suna rawa. Malam bai motsa daga wurin ba har rana ta faɗi.

Ba mu shiga Alhamra ba, wannan ita ce gaskiya, kuma masu cewa mun yi asarar tafiya su ci gaba da faɗa. Ba zan yi ƙarya ba, har yanzu in na tuna tikitin nan raina yana sosuwa. Amma na gode wa Allah, na gode wa Safiya da mijinta, Allah ya ba su masu yi musu. Na gode wa baiwar Allah Karmen, wadda a ranar da ta rasa mijinta ta samu sararin tuna idon wani.

Ɗan ganin da ya rage wa Malam bai kai ƙarshen damina ba. Yanzu sai da kiran salla yake bambance dare da rana. Shekaranjiya wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ma ya fara furfura, ya zo gaishe shi. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, an ce ka je. Ka gan ta kuwa?"

Malam ya juya fuskarsa wajen da muryar take, bai ma daidaita sosai ba, ya ce, "Na gan ta."